Dajin Epping yana da masu shi: jan kunne ga sababbin zuwa gabashin Landan

Wanda ya sauka a Forest Gate, Leytonstone ko Walthamstow, dajin Epping a bayan gidansa yake. Zuwa ba wuya: jirgi daga Liverpool Street zuwa Chingford, ko layin Central na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Loughton. Shiga kyauta ne.

Inda baƙi ke tuntuɓe shi ne ɗaukar wurin kamar dajin Allah. Tun dokar 1878 hukumar City of London ke riƙe da shi, eka kusan 6,000, kuma masu gadinsa suna kai mutum kotu.

Babbar matsalar wuta ce. Mutanenmu akwai zumunci, madalla da hakan, amma da zarar rana ta fito sai ka ga an nufi fili da gawayi da tsire. An hana, kuma ba don ƙeta ba. A watan Yulin 2018 busasshiyar ciyawar Wanstead Flats, wani fili a kudancin dajin, ta kama, sai da 'yan kwana-kwana sama da 200 suka taru a kanta. Gawayin da ka zubar kana ganin ya mutu yana iya ci a ƙarƙashin toka har bayan ka isa gida. Ku gasa namanku a gida, ku zuba a kula, ku zo da tabarma.

Haka kuma an hana sassaƙe, tsinkar naman kaza da ɗibar itace. Tsofaffin bishiyoyin nan masu kai kamar dunƙulen hannu sun shekara ɗaruruwa. Sassabe rassansu da mutanen zamanin da suka riƙa yi don makamashi ne ya ba su wannan siffa. Kututturen da ya faɗi ma da gangan aka bar shi, ƙwari da tsuntsaye ke ci a jikinsa. Kada ka ce ai 'yar tara ce: hukuncin kotu sai ka bayyana shi ranar cike takardun zama. Kuma ganyen nan ba irin na gida ba ne. Itacen yew mai jajayen 'ya'ya guba ne, a riƙe hannun yara.

Shanu masu dogon ƙaho suna kiwo ba makiyayi, na'urar wuyansu ce ke tsare su. A kalla daga nesa. Abin da ya fi su haɗari kaska ce. In an dawo a duba bayan gwiwa, hammata da gashin yara. A kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a hankali, ban da matsewa ko ƙonawa. Jan tabo mai zagaye ya fito daga baya, a ga likita.