Yadda ake haɗa dattijo da likita ta waya

Ga tsohon da ke fama da hawan jini ko ciwon sukari, sau da yawa wahalar hanya da zaman layi sun fi ciwon kansa gajiyar da shi. Shi ya sa duba marasa lafiya ta waya ya samu karɓuwa, musamman tun ɓullar korona a 2020. Sai dai likitan da ke cikin waya ba ya iya taɓa majinyaci. Kai da ke zaune kusa da Baba ko Mama, kai ne hannunsa.

Fara da tambayar asibitin da aka saba zuwa ko suna da wannan tsari, kuma da bidiyo ne ko da murya kawai. Likitan da ya san katin mutum ya fi baƙo.

Daga nan sai awo, kuma a nan aikin yake. A nemi na'urar awon jini wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu faɗin gaskiya. Dattijon ya zauna ya huta minti 5, ya jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai ƙirji, ba surutu. A auna sau biyu, safe da yamma, na 'yan kwanaki kafin ranar ganawa da likita, a rubuta a littafi tare da kwanan wata. Kada a zaɓi lambobi masu daɗin ji kawai. Idan awo yana kai 140/90 ko ya wuce, shi likitan yake son gani. Mai sukari ma a rubuta nasa. Idan sukarin ya sauka ƙasa da 70 (a na'urar da ke awo da mg/dL), ba a jiran ranar ganawa.

Ranar kiran, a yi wa waya caji, a gwada intanet, a zaunar da shi yana fuskantar haske don a ga fuskarsa. A tara duk magungunansa cikin kwalayensu, har wanda ya saya da kansa bai faɗa wa kowa ba (tsofaffi sun ƙware a wannan).

Idan an fara, bar shi ya yi bayani da bakinsa. 'Ya'ya na yawan karɓe zancen, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kunnensa ya yi nauyi, ka maimaita masa a hankali. Ka kuma fita na ɗan lokaci, don akwai larurar da uba ba zai ambata a gaban ɗansa ba, kamar matsalar fitsari. Kafin a kashe waya, karanta wa likita abin da ka rubuta game da magani da ranar dawowa, ya tabbatar.

Amma idan baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya gagara, a ajiye wayar a nufi asibiti nan take.