Aika bayanan katin banki ta wasiƙa: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Ɗan kasuwar Dole ta Damagaram mai odar kaya daga Dubai, da ɗalibin Jami'ar André Salifou mai neman gurbin karatu a waje, da uban da ɗansa ke Yamai, kowanensu wata rana za a ce masa ya turo bayanan katinsa. Kafin a tura, a fara sanin abin da ake turawa. Katin Visa ko Mastercard yana da lamba 16, da sunan mai shi, da wata da shekarar da zai daina aiki, sai lamba 3 a baya kusa da wurin sa hannu. Duk wanda ya haɗa waɗannan huɗu ba ya buƙatar riƙe katin, ba ya kuma buƙatar lambar sirrin nan 4 da ake dannawa a gishe. Yana zaune a wata ƙasa zai yi sayayya da kuɗinka.

Babban kuskuren shi ne haɗa su duka a takarda ɗaya. Wasu otal-otal da makarantu na waje har yanzu suna aiko da fam, su ce a cike, a sa hannu, a mayar. Mutum sai ya cike kowane gurbi, har lamba 3 ta baya, ya zuba a ambulan. Daga Damagaram zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ne, kuma takardar za ta bi ta hannu da yawa kafin ta ƙetare teku. Ko ta isa lafiya, a can za ta kwana a aljihun tebur, duk mai buɗewa ya gani. Dokar da kamfanonin kati suka ɗora wa masu karɓar kuɗi, wadda ake kira PCI DSS, ta hana ajiye lamba 3 ɗin bayan an gama biya. Saboda haka ka bar gurbinta fayau, ka kira su a lambar da ka samo da kanka, ka faɗe ta da baki. In takardar dole ce, a naɗe ta cikin wata mai kauri don kada a ɗaga ambulan ga haske a karanta, a aika ta gidan waya da rajista, a adana rasit ɗin da ke da lambar bin sawu.

Sai aika katin kansa a mota. Wannan ya zama ruwan dare: a je tasha, a ce "Malam direba, don Allah ga saƙo ka ba yaro," katin na ciki, lambar sirri na rubuce a ƴar takarda an manna masa. Direban na iya zama mai amana ƙwarai, amma ambulan kan faɗi, kan kwana a ofishin saƙonni, wani ya karɓa a madadin wani. Ka lura, banki ma ba ya haɗa kati da lambar sirrinsa a buɗe wuri ɗaya. In kuɗi kawai yaron ke so, gidajen aika kuɗi sun fi sauƙi da arha. In kuwa katin ne lalle, ya tafi shi kaɗai, lambar ta biyo baya ta kiran salula bayan an tabbatar ya shiga hannu.

Yawancin wasiƙun yanzu ba na takarda ba ne, kuma a nan aka fi sakin jiki. Imel ba ya tafiya ya bar ka: kwafi na nan a akwatin saƙonnin da ka aika, wani na wurin wanda ya karɓa, shekara da shekaru. Ranar da aka sace kalmar sirrin ɗayanku, ɓarawon zai rubuta "Visa" a wurin bincike ne kawai. Wanda ya aika daga kwamfutar shagon intanet ya ƙara wa kansa matsala, don hoton fam ɗin da aka yi masa sikan yakan zauna a kwamfutar bayan ya tafi. In ka riga ka aika, goge saƙon, ka bi shi kwandon shara ka sake gogewa, domin Gmail na riƙe abin da aka zubar har kwana 30. Ka roƙi na can ya yi haka.

Hoton kati ta WhatsApp ma haka ne. Gaskiya saƙon a kulle yake tafiya, amma da ya sauka sai ya shiga ma'ajiyar hotunan wayar, wadda yara ke wasa da ita, mai gyara kuma ke buɗewa. In an nemi hoton don tabbatar da cewa katin naka ne, rufe lambobin tsakiya da ƴar takarda, ka bar 6 na farko da 4 na ƙarshe. Akwai abin da ake mantawa: a katin da lambobinsa suka kumburo, sawunsu na fitowa ta baya a juye, wanda ya ɗauki hoton baya ya rufe lamba 3 kawai ya ba da lamba 16 ɗin bai sani ba.

Wasu kan ce ai ba komai, ba a cire ko dala sai kod ɗin tabbatar da biya ya shigo salularsu. Wannan dogaro ne da bangon da bai kewaye gida ba. Ba kowane shagon intanet ke neman kod ɗin ba, kuma biyan da ake yi da bayanan wasiƙa ko na waya da hannu ake shigar da shi, ba ya jiran kod. Inda kuma ake nemansa, sai a kira ka da ladabi: "Ranka ya daɗe, daga banki ne, karanto mana lambar da ta shigo." Banki ba ya tambayar wannan, ba ya tambayar lambar sirri. Katse kiran.

Hanyar da ta fi ita ce a nemi mai karɓar kuɗin ya turo shafin biya, ka duba sunan shafin harafi-harafi, ka shigar da lambobin da hannunka. Mai yawan odar kaya ya yanki katin da ake zuba wa kuɗi kafin amfani, wanda bai haɗu da babban asusunsa ba. Kayan jikka 80 ne, a zuba jikka 85 saboda kuɗin aiki da canji, shi ke nan iyakar abin da za a iya ɗauka.

Kuskuren ƙarshe jira ne. Wasiƙa ta yi shiru, ko ta isa da alamar an buɗe an liƙe, ko ka ga an cire ƴan kuɗi kaɗan da ba ka gane ba (ɓarayi kan fara gwada kati da ƙaramin abu), sai a ce bari a ga gobe. A ranar za ka kira lambar bankinka ka ce a toshe katin, ko Lahadi ce. Washegari ka je reshe da takardar shaidarka, ka rubuta ƙorafi da kwanan wata da adadin kowane cirewa, ka karɓi kwafi mai hatimi, domin neman a dawo da kuɗi yana da wa'adi. Canza lambar sirri kaɗai ba ya maganin wannan, tunda lamba 16 da ta baya suna nan yadda suke. Sabon kati za ka nema, mai sabuwar lamba.