Darasi na 9: Ciwon Fuska da Ƙirga Awa Kafin a Ƙara Magani

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Ciwon fuska yawanci daga haƙori yake tasowa, ko ya rube ko dasashi ya kumbura, sai zafin ya hau kunci har kunne. Wani kuma mura ce ta toshe masa hanci, in ya yi sujada sai ya ji goshi da ƙasan ido sun yi masa nauyi.

Yanzu kowa ya ɗauko katin farasitamol ɗinsa ya juya bayansa. Za ku ga 500 da ƙananan haruffa mg a gefe. Babban mutum ƙwaya 2 zai sha, kuma sai bayan awa 6 zai ƙara. Kar a wuce ƙwaya 8 daga safiyar yau zuwa ta gobe.

To ga inda muke tuntuɓe kullum. Ka sha ƙarfe 6 na safe, rubuta 6 a takarda. Ƙirga da yatsu, amma fa ba da 6 za ka fara ba, da 7 ake farawa: 7, 8, 9, 10, 11, 12. Yatsa shida, ƙarfe 12 kenan. Madalla! A sake. An sha ƙarfe 2 na rana, fara da 3: 3, 4, 5, 6, 7, 8, sai 8 na dare. Wanda ya ruɗe kar ya ji kunya, ya rubuta, ya sake ƙirgawa.

Na faɗa na kuma, amma makon jiya wata baiwar Allah a ajinmu ta sha biyu bayan Azahar ta ƙara biyu da La'asar wai zugi ya ishe ta. Haba Hajiya! Hanta wannan maganin yake lalatawa in ya yi yawa. Kuma magungunan mura da dama akwai shi a ciki, ku nuna wa mai kemis kafin ku haɗa. A rubuta lokaci, a ƙirga shida.

Darasi na 10: Haƙori

A kurkure baki da ruwan ɗumi mai gishiri, kanumfari ma yana rage zugi. Ban da ruwan batir, don Allah. Ramin dai sai likitan haƙori.

Darasi na 11: Sai Asibiti

Baki ya karkace, kumburi ya rufe ido, ko zafi yana fizgar ɓarin fuska kamar lantarki: a tafi asibiti nan take.