Darasi na Bakwai: Noman Lambu da Ruwan Kwata

Duk wanda ya bi ta Kwakwaci a birnin Kano da rani zai ga lambuna kore shar a gefen Kogin Jakara, ga latas, ga kabeji, ga alayyahu, alhali ruwan da ake ba su baƙi ne wuluk, yana ɗoyi. Mafi yawansa daga kwatocin gidaje da kasuwanni yake fitowa. Manomi ba ya gudunsa, domin ba ya ƙafewa ko da bazara, kuma da takinsa yake zuwa.

Sai dai dattin da ke cikinsa iri biyu ne, kuma wajibi ne mai lambu ya bambanta su.

Na farko shi ne wanda ke fitowa daga bahaya, wato ƙwayoyin cutar kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki. Wannan ana iya rage shi, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a ƙa'idojinta na shekarar 2006. A haƙa rami a gefen gona, a tara ruwan ya kwana, domin ƙwan tsutsa yana da nauyi, ƙasa yake sauka. Idan an zo ɗiba, a ɗaga bakin tiyon injin sama, kada ya taɓa laka ya dama abin da ya riga ya kwanta. A kora ruwan ta tsakanin kunya maimakon a yayyafa shi a kan ganye, musamman latas da ake ci ɗanye. Sannan a dakatar da ban ruwa kwana biyu ko uku kafin a cire kaya. Gaskiya ne ganyen zai ɗan yi yaushi, mai sari kuma zai nemi ragi, amma rana tana kashe ƙwayoyin cuta masu yawa a wannan tsakani. Mai aiki kuwa ya sa dogon takalmin roba, domin akwai tsutsar da ke shiga jiki ta ƙafa.

Na biyu shi ne dattin masana'antu, irin wanda rafin Getsi yake kwasowa daga Bompai ya zuba a Jakara, har ya gangara madatsar ruwa ta Wasai. Kamfanonin jima suna amfani da sinadarin kuromiyam, wanda ke taruwa a cikin ƙasa, shuka ta zuƙe shi, kuma wanki ko dafuwa ba sa fitar da shi. Inda ruwa yake sauya launi ko yake kumfa, gara a reni furanni ko itatuwan dashe na sayarwa, a bar kayan miya.