Darasi na 9: Idan hayaƙin ƙaramin jirgin ƙasa ya yi rauni

Ƙananan jiragen ƙasa na wasa masu aiki da kuran sukan shigo Yamai cikin kayan gwanjo daga Turai. Wasu suna fitar da hayaƙi ta bututun kan jirgin. Ba wuta ce ke ci a ciki ba. Wata siririyar waya ce ke ɗaukar zafi, ta mai da wani mai na musamman tururi fari.

Kafin ka ɗauki sukundireba, kashe fanka ka rufe taga. Iskar fanka kaɗai tana watsa hayaƙin har a ce jirgi ya lalace.

Sai ka duba mai, domin nan matsalar ta fi yawa. In ya ƙare, lagwanin da ke naɗe da wayar zai ƙone, ya yi baƙi da tauri, ya daina shan mai. In kuma ya yi yawa, wayar ta nutse, ba ta yin zafin kirki. Za ka ji ƙarar tafasa, man yana tsartuwa a kan jirgin. Abin yin hayaƙi irin na kamfanonin Jamus Märklin da Seuthe ɗan bututu ne siriri, rabinsa kawai ake cikawa. Ka zuba da sirinji, allurar ta kai ƙasa, don kumfar iska takan tsaya a tsakiya ta hana mai sauka. In ta riga ta shiga, hura bakin bututun a hankali. In man ya wuce ƙima, zuƙe shi da sirinjin.

Kada ka sa man gyaɗa ko baƙin mai, suna daskarewa su toshe komai. Kananzir kuwa neman gobara ne.

In mai daidai yake, wutar kuran ce ba ta isa ba. Wani bututun yana son volt 10 zuwa 16, wani 16 zuwa 22, don haka karanta takardarsa, ka auna layin dogon da mitar awon wuta. A tsohon tsari, inda ƙarfin wutar layi ke saita gudun jirgi, jirgi mai tafiya sannu wuta kaɗan yake samu, hayaƙinsa ma kaɗan ne. Ƙurar hunturu ita ma tana tare wuta: goge layin da ƙafafun jirgin da tsumma mai alkol, har da ɗan ƙarfen da ke taɓa gindin bututun.

Mita ta nuna wayar zafin ta tsinke? Ba a ɗinke ta, sai a canza bututun. Ranar da babu mai, kashe makunnin hayaƙin in jirgin yana da shi.