Yadda za ka kafa hujja a musun wasanni ba a yi maka dariya a fada ba

Kafin ka buɗe baki a fada kan wasan jiya, ka tabbata ka kalle shi tun daga busa ta farko. Guntun bidiyon minti uku da ke yawo a WhatsApp ƙwallayen da aka ci kawai yake nunawa. Ba ya nuna ɗan tsakiyar da ya yi minti 70 yana tare hanya, ko ɗan bayan da ya bar gurbinsa har aka ci su. Ka lura da agogo kuma. Nijar ba ta sauya awa, Turai na sauyawa ranar Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba. Wasan Gasar Zakarun Turai da ke farawa ƙarfe 9 na dare a Maraɗi lokacin sanyi, daga ƙarshen Maris yana komawa ƙarfe 8. Wasan ƙarfe 3 na Ingila kuwa ƙarfe 4 ne a nan daga Nuwamba, ya koma ƙarfe 3 a Afrilu. Wanda bai san wannan ba sai ya iso gidan kallo an tafi hutun rabin lokaci.

Kana kallo kana rubuta abu uku a waya: mintin da aka ci ƙwallo, mintin da aka ba da kati, da mintin canji tare da wanda ya fita da wanda ya shiga. Canji biyar doka ta yarda da shi, amma sau uku kawai ake tsayar da wasa dominsa, ban da hutun rabin lokaci. Idan rauni ya cinye wa koci dama biyu tun kafin hutu, zarginsa da jinkirin canji zalunci ne.

Rabin musun da ake yi kan alƙalin wasa ne, kuma a nan aka fi jin kunya. Satar gida ana auna ta ne a daidai lokacin da abokin wasa ya taɓa ƙwallon, inda ɗan wasan ya tsaya sa'ad da ya karɓa ba ya cikin lissafi. Hannu da dantse ba a ƙirga su, na mai kai hari ko na mai tsaro. Babu satar gida daga jifa, ko bugun kusurwa, ko bugun da mai tsaron gida ke yi bayan ƙwallo ta fita. Wanda ke cikin rabin filinsu, ko yake bayan ƙwallo, ko yake daidai da ɗan hamayya na biyu daga ƙarshe, bai yi laifi ba. Taɓa ƙwallo da hannu kuma iyakarsa ƙasan hammata, kafaɗa ba hannu ba ce. Wanda ya ci ƙwallo nan take bayan ta taɓa hannunsa, ko da kuskure ne, za a soke ta. In kuwa hannun abokinsa ta taɓa bisa kuskure kafin ta iso gare shi, tun 2021 ba laifi ba ne.

Na'urar VAR, mai taimaka wa alƙalin wasa da bidiyo, tun farko an kafa ta kan abu huɗu: ƙwallon da aka ci, penalti, jan kati kai tsaye, da ba wa wani katin da na wani ne. Hukumar IFAB, mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa, na yi wa dokoki kwaskwarima kusan kowace shekara, su fara aiki 1 ga Yuli, shi ya sa abin da ka haddace shekaru biyar baya yake iya kayar da kai. Misali, daga kakar 2025/26 mai tsaron gidan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, bugun kusurwa ake ba abokan hamayya.

Sai teburin gasa, wanda ya fi kowane abu rikita mutane. Idan maki ya zo ɗaya, kowace gasa da nata ma'auni. Ingila tana fara duba bambancin ƙwallaye: a 2012 Manchester City da Manchester United duk sun gama da maki 89, City ta ɗauki kofi da haka. Sifen tana fara duba karawar da suka yi tsakaninsu: a 2007 Real Madrid da Barcelona sun gama da maki 76, Barcelona ta fi bambancin ƙwallaye, amma Madrid ce ta ɗauka. Mu ƴan Nijar bai kamata a koya mana wannan ba, domin da shi Mena ta fara zuwa Gasar Kofin Afirka ta 2012. Ranar ƙarshe ta neman gurbi, a Oktoban 2011, Masar ta ci Nijar 3 da nema. Afirka ta Kudu ta tashi babu ci da Saliyo, ƴan wasanta suka kama rawa a fili suna zaton bambancin ƙwallaye ya kai su. Nijar, Afirka ta Kudu da Saliyo duk maki 9 gare su, ƙa'idar CAF, hukumar ƙwallon Afirka, kuwa ta ce a ware wasannin da ukun suka yi a tsakaninsu. A wannan ƙaramin tebur Nijar na da maki 6, sauran biyun 5 kowace. Saboda haka kafin ka ce wata ƙungiya ta fita ko ta wuce, ka nemo ƙa'idar gasar tukuna.

Gasar Zakarun Turai ma ta sauya tun kakar 2024/25: ƙungiyoyi 36 a tebur ɗaya, kowace wasa 8. Takwas na sama su wuce zagayen ƴan 16, daga ta 9 zuwa ta 24 su yi wasan cike gurbi gida da waje, sauran su koma gida. Ƙwallon waje kuwa, wato wadda aka ci a gidan abokan hamayya, an daina fifita ta a wannan gasa tun 2021, amma har yau akwai mai kafa hujja da ita.

Kokowa tana da nata lissafin. Tun gasar farko a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, takobin da ake ba zakara na mutum ɗaya ne. Jihohi takwas ke zuwa da ƴan kokowa goma kowace, kuma wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi ko da ya ci gaba da yi wa jiharsa kokowa. Jiha na iya tara kaye da yawa ta koma ba takobi. In za ka yi hasashe a rana ta huɗu ko ta biyar, jerin waɗanda ba su faɗi ba za ka duba, da wanda kowannensu zai haɗu da shi gobe.

Labarin cinikin ƴan wasa shi ne inda ƙarya ta fi araha. Muddin ƙungiyar ba ta sanar da kanta ba, ka ce ana raɗe-raɗi. Ka rarrabe saye da aro, ka kuma duba saura wata nawa a kwantiragi, domin wanda ya rage masa wata shida yana da damar ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar wata ƙasa ya tafi kyauta. In za ka juya kuɗin, Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, wato Yuro miliyan 10 ya haura sefa biliyan shida da rabi.

Masu bin ƙwallon kwando na Amurka su yi hattara da gwada ɗan jami'a da ɗan NBA, babbar gasar ƙwararru, ta yawan maki. Wasan jami'o'i na maza rabi biyu ne na minti 20, kuma ana da daƙiƙa 30 a yi harbi. NBA kashi huɗu ne na minti 12, da daƙiƙa 24. Maki 20 a can da maki 20 a nan ba awo ɗaya ba ne. Jami'a ce babbar hanyar shiga NBA: daga jami'ar Houston aka zaɓi Hakeem Olajuwon na Najeriya a matsayi na ɗaya a 1984. Gasar jami'o'i ta watan Maris kuma sili ɗaya ƙwale ce, faɗuwa ɗaya a sallame ka, alhali a zagayen neman kofin NBA sai an ci wasa huɗu cikin bakwai.

In saƙon murya za ka tura wa zauren magoya baya ko ka kira gidan rediyo, kada ya wuce minti ɗaya da rabi. Fara da hukuncinka a jimla ɗaya, ka kawo biyu daga cikin mintocin da ka rubuta, sannan ka ambaci hujja mafi ƙarfi ta ɗaya ɓangaren kafin wani ya jefo maka ita. In akwai dattijo a zaman, ka ce “Baba, a gafarce ni, dokar ta sauya bana”, ka buɗe masa shafin dokar a waya ya karanta da kansa.