Kafin ku sa Ubuntu, ku duba lambar

Jama'a, in a kwamfutar aiki za ku sa Ubuntu (manhajar tafiyar da kwamfuta, kamar Windows), ku ɗauki LTS, wato fitowar da ake daɗewa ana kula da ita, kuma ku jira sai ".1", wato gyararriyar fitowarta ta farko, ta fito.

Lambar kowace fitowar Ubuntu kwanan wata ce: 24.04 na nufin Afrilun 2024. LTS na fitowa duk bayan shekara biyu, ana kula da ita shekara 5. Irin su 24.10 kuwa wata 9 kacal, sai ku sake ƙona data wajen sauko da sabuwa.

Amfanin jiran: 24.04.1 ta fito a Agustan 2024, an riga an gyara kurakuran farko. Sai bayan fitowarta aka fara yi wa masu 22.04 tayin sabuntawa.

Amma sabuwar laftof fil, Wi-Fi ɗinta kan buƙaci sabon kernel (ɓangaren manhajar da ke sarrafa kayan cikin kwamfuta). A nan ku gwada fitowar baya-bayan nan daga filashi tukuna.